Maleta da Jirgin da Ba Kowa a Ciki

Maleta ta kusa shekara sittin kafin ta taɓa riƙe hannun injin kwalekwale, alhali a bakin teku aka yanke mata cibi, a tsibirin Kiriri, a gidan da in ruwa ya cika sosai yakan lashi ƙafar matakalarsa. Ba tsoro ne ya hana ta ba. Tun tana budurwa ta sami aikin girki a asibitin Waiben, tsallaken mashigi, saboda haka a jirgin fito ta yi rayuwarta. Da safe ta shiga ta zauna a benci da jaka a cinya, da yamma ta dawo tana ƙanshin albasa da sabulun wanke-wanke. Wasu ke tuƙi, ita nata kallo da tambaya.

Tambaya kuwa da ita aka haife ta. Mahaifinta, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a nutson lu'ulu'u, yakan ce ranar da ta zo duniya ba kuka ta yi ba, ungozoma ta tambaya ina ne nan. A asibiti ta ishi likitoci da son jin dalilin da ya sa aka hana wane gishiri aka bar wa wane. A jirgin fito ta ishi direbobi da me ya sa jiya aka bi ta can yau aka bi ta nan. Ba gardama take yi ba. In an ba ta amsa sai ta gyaɗa kai ta adana, gobe ta dawo da ƙanwar tambayar. Yara suka taso suka tarar ana ce mata Me-ya-sa, suka ɗora Goggo a gaba, suna ya zauna.

Mijinta Dinto akasinta ne, mutum ne da zai wuni bakinsa a rufe ba don fushi ba. Sana'arsa nutson kaiar, manyan jatan landen nan masu dogon gashin baki da ke ɓuya a ƙarƙashin duwatsun murjani. Aiki ne na mutum biyu. Ɗaya yana ƙasa da tiyo a baki, ɗaya yana sama cikin kwalekwale yana kula da injin da ke tura iska cikin tiyon, yana bin kumfar da ke tasowa sannu a hankali, kada ya yi nisa tiyo ya ɗame, kada ya matso farfela ta sare shi. Shekara da shekaru ƙanen Dinto, Saimo, shi ne a sama. A shekarar da Maleta ta ajiye aikin asibiti, ciwon baya ya kwantar da Saimo, ya tashi da sanda. Dinto ya nemi madadinsa cikin samari, ya tarar masu natsuwar cikinsu kowa da nasa jirgin, sauran sun tafi Cairns neman aiki.

Wata safiya yana shan shayi yana kallon kwalekwalensa a kan rairayi, Maleta ta ce ita za ta hau. Dinto ya ƙara sukari a shayin da ya riga ya sa wa sukari. Saimo ne da labari ya kai masa ya dogaro sanda har gida don kada dariyar ta wuce shi.

"Matar Yaya, ki rufa mana asiri," in ji shi. "Shi kaɗai ya rage mini. Kina can kina tambayar kumfa me ya sa take tasowa, bawan Allah yana ƙasa yana neman iska."

"Kai da ka yi shekaru kana barci a kansa bai mutu ba, sai a hannuna?" ta ce. "Taso ka nuna mini inda ake ja."

Ya nuna mata, a ruwa marar zurfi, yana zaune a kan kular ƙanƙara yana ba da umarni kamar kyaftin. Ta daki gadar sauka, ta kashe inji a tsakiyar mashigi, ta taɓa naɗe igiyar anga a farfela. Amma hannun da ya saba juya tukunyar marasa lafiya ba ya raina aiki, kafin wata ya zagayo Dinto ya yarda ya sauka ƙasa ya bar ransa a hannunta.

A gaban mazaunin direba akwai wata na'ura mai faɗin faranti, wadda 'yarsu Timena ta aiko daga Cairns inda take aiki a tashar jiragen ruwa. Taswira ce mai rai. Tana nuna tsibirai da duwatsu da zurfin ruwa, da ɗan hoton kwalekwale a tsakiya wanda ke motsi in ka motsa. Allo kawai muke ce mata. Maɓalli guda Dinto ya sani a jikinta, wanda in ya dace da rami mai albarka yakan danna ya bar alamar gicciye a wurin, har allon ya cika da gicciye kamar maƙabartar bayan coci. Saimo kuwa lokaci kawai yake dubawa a ciki. Da yake miƙa mata aiki ya ja mata kunne kada ta taɓa komai, don in abin ya rikice ba mai iya mayar da shi.

Ta ji, ta kuma yi haƙuri na ɗan lokaci. Amma zaman sama zama ne mai tsawo, inji yana gunji, rana tana dukan ƙeya, ba abokin hira sai kumfa. Ta koyi raba idonta, ɗaya a ruwa ɗaya a allo. Rannan ta ɗora yatsu biyu ta matse, sai teku ya ja da baya. Ta ƙara, Kiriri ya koma ƙwayar shinkafa, Waiben da Muralag da Badu suka taru wuri guda kamar kaji a akurki. Ta ƙara, ga tsinin Ostireliya daga ƙasa, ga Papua daga sama, ga manyan tekuna biyu dama da hagu, su kuma a tsakiya a 'yar siririyar ƙofa. Ta san wannan tun a makaranta, amma ba ta taɓa ganinsa da kwalekwalenta a ciki ba. Nan ta fahimci abin da ya sa ruwan mashiginmu yake gudu kamar an biyo shi, ashe teku biyu ne ke turereniya a ƙofa ɗaya.

Daga nan ba abin da ta bari. Ta gane farin wuri zurfi ne, shuɗi ruwa kaɗan, kore kuwa dutsen da ke fitowa in ruwa ya janye. Ta gano ana raba allon biyu, rabi taswira, rabi hoton abin da ke ƙarƙashin jirgi. A wannan rabin ta ga wani siririn jan zane yana tafe dab da ƙasan teku, ta daɗe tana kallonsa kafin ta gane mijinta ne. Da ya fito ta ba shi labari, ya ce to madalla, ko a allo dai ya rame. Ta kunna abin da ke zana sawun inda suka bi, daga ranar ba su ƙara maimaita dutsen da suka riga suka tsefe ba.

Sau ɗaya abin ya so ya ba ta kunya. Ta danna wani wuri da tsakar rana, allo ya yi baƙi ƙirin. Ta danna nan, ta danna can, shiru. Da Dinto ya hau sai ta yafa wa na'urar tawul, ta ce rana ce ta yi mata yawa, suka koma gida da ido kamar mutanen da. Sai da ya tafi wanka ta dawo kwalekwale, ta lulluɓe kanta da allon cikin tawul guda, a duhun ta ga rubutu yana nan dishi-dishi. Ashe hasken tafiyar dare ta sa. Matan da suka wuce suka gan ta a durƙushe da tawul a ka suka ɗauka addu'a take yi, ba ta ƙaryata su ba.

Abin da ya fi cin ranta su ne kawunan kibiya. Wasu 'yan alamu ne da ke tafe a hankali a kan taswirar, galibi a babbar hanyar jiragen da ke arewa da Kiriri. Ta taɓa ɗaya, sai ga rubutu: sunan jirgi, tsawonsa, gudunsa, da tashar da ya nufa. Ta ɗaga kai, ga shi can a zahiri, ƙato kamar unguwa guda an ɗora a ruwa. Tun tana goye irin waɗannan jiragen suke wuce ƙofar gidansu ba wanda ya san daga ina balle zuwa ina, yau ga su da suna. Wannan Singafo za shi, wancan daga Weipa yake ɗauke da jar ƙasa. Ta kira Timena, Timena ta ce ai kowane babban jirgi yana shelar kansa ta rediyo ba dare ba rana, na'ura tana gaya wa na'ura, siririn layin da ke gaban kibiyar kuma yana nuna inda jirgin zai kai nan da ɗan lokaci in bai juya ba. Maleta ta tambayi wa ya fara wannan dabara, Timena ta ce Mama, ina bakin aiki.

Ba a jima ba matan Kiriri suka gano amfanin abin. Jirgin da ke kawo kayan kanti daga Cairns ba ya cika alkawarin lokaci, wanda kuma ya makara zuwa Waiben sai ya tarar an kwashe kabeji da tumatir an bar masa gwangwani. Sai aka koma aiko wa Goggo Me-ya-sa tambaya, ita da ta saba tambayar mutane. Takan duba ta ce ku ƙarasa wankinku, bai ko shigo mashigi ba.

A ƙarshen damina, lokacin da iskar arewa maso yamma ta kwanta, ta kudu maso gabas ba ta taso ba tukuna, wani baƙon kan kibiya ya bayyana yamma da inda suke nutso. Sunansa ba suna ba ne, haruffa ne da lamba. Tsawonsa bai wuce na kwalekwalensu ba. Gurbin da ake rubuta inda jirgi ya nufa ba komai a ciki. Tafiyarsa ce ta fi ɗaure mata kai. Sai ya miƙe sak kamar an ja zare, ya juya, ya dawo gefen sawunsa, ya sake juyawa, duk a hankali kamar tsohuwa mai tsintar itace. Ta kunna abin da ke nuna sawun jiragen wasu, ta ga zane a jere kamar kunyoyin dankali.

Dinto ya ce ba masu jan taru ba ne, nasu jiragen sun fi haka girma. Saimo ya ce mashayi ne ya manta hanyar gida, ta ce ba ta taɓa ganin mashayin da ke miƙe layi haka ba. Ta kira jirgin ta rediyon oba-oba, ba amsa. Ta so su je su gani, Dinto ya ce fetur ba a rijiya ake jansa ba, kakar kaiar kuma ba ta jiran kowa. Ta haƙura da kallo. Kullum da safe ta kunna allo sai ta tarar baƙon ya ƙara kunyoyi, bai je gida ba, bai shiga wata tasha ba. Ta riƙa raya shi a ranta, wani dattijo shi kaɗai, mai taurin kai, wanda ba ya sauka cefane, ko Lahadi ba ya hutawa. Har ta fara tunanin me yake ci.

Wata hantsi Dinto yana ƙasa, ta duba ta ga noma ya tsaya. Layin da ya faro sak ya karye a tsakiya ya koma karkace. Hancin kibiyar yana kallon arewa, amma jirgin gabas yake tafiya, a kaikaice, daidai gudun ruwa. Ta jawo taswirar kusa ta bi ta gabansa da yatsa, yatsan ya ƙare a kan kore. Ta sake kira ta oba-oba har muryarta ta fara dishewa. Daga nan ta buga inji da ƙarfi, alamar da suka yi da Dinto in ana son ya fito.

Ya taso a hankali yadda nutso ya gada, jakarsa ko rabi ba ta yi ba. Ya tambaya ko kifin shark ta gani, ko injin iska ne. Ta juyo masa da allon. Ya daɗe yana kallo ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya dubi yadda teku ke ja, ya fara naɗe tiyo.

"Mu je," ya ce.

Ta ɗora yatsa a kan kibiyar, allo ya ba ta saiti, ta bi. Tsuntsaye suka fara gani kafin jirgin. Wani abu ne ruwan ɗorawa, ƙasa-ƙasa da ruwa, bayansa shimfiɗe da baƙaƙen farantan sola, da gajeriyar sanda a tsakiya mai 'yan tarkace a kai. Tsuntsayen teku sun mai da shi gida, sun yi masa fenti da kashi. Ya karkace gefe guda, yana jan wani ƙaton tsohon taru kore da ya naɗe masa ƙasa, irin wanda masunta na nesa suke yarwa ruwa ya yi ta yawo da shi.

Dinto ya ɗaga murya ya kira masu jirgi. Maleta ta yi gafara dai kamar mai shiga gidan mutane, ta ƙwanƙwasa jikinsa da filafili. Tsuntsaye suka tashi, ba wanda ya amsa. Dinto ya ce shi bai ga inda mutum zai zauna a wannan abu ba. Ta nuna masa wata 'yar ƙofa a kulle, ta ce Timena ta taɓa nuna mata Turawan da ke ƙetare teku a kwance cikin abin da bai fi akwatin gawa ba. In mai jirgin ba ya ciki, to ya shiga ruwa ne don ya yanke tarun, ruwa ya ƙwace masa jirgi. Dinto bai yi musu ba. Ya san masu nutson da suka ɗago kai suka tarar kwalekwalensu ya yi gaba, ya kuma san waɗanda ba a gani ba.

Suka ɗaura wa jirgin angarsu ta ajiya don kada ya kai ga dutse, suka juya. Maleta ta bi karkataccen sawun nan a allo tana komawa baya, zuwa daidai inda miƙaƙƙen layi ya karye, Dinto yana tsaye a goshin kwalekwale da hannu a saman ido. Kowace busasshiyar kwakwa kan mutum ce sai sun matsa. Wani kunkuru ya ɗago ya shaƙi iska, Maleta ta ɗauka shi ne. Suka kai wurin, suka zaga, suka faɗaɗa zagayen, sawunsu a allo ya zama kamar faifai. Ba kowa. Maleta tana ta tuna kwanakin da ta yi tana kallon bawan Allah yana kai da kawowa ba ta je ta gaishe shi ba.

Ta kira 'yan agajin teku na Waiben, duk wanda kuwa ke da oba-oba a tsibiran nan yana ji. Suka ce ta karanto musu duk abin da ke rubuce a jikin jirgin kafin su taso. Ita da Dinto suka koma wurin jirgin. Dinto ya ɗebi ruwa a bokiti ya watsa, ya goge kashin tsuntsu da tafin hannu, rubutu ya fito manya-manya. Rubutun ya ce wannan jirgin bincike ne, ba mutum a cikinsa, daga nesa ake tuƙa shi, wanda ya same shi cikin matsala ya taimaka ya kira lamba kaza.

Maleta ta karanta, ta sake karantawa. Dinto ya zauna a kan kula, kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa irin wadda rabonta da ji tun bikin Timena. Ta ce ya tashi mata daga kan kular, ta hau kai ta miƙa waya sama tana neman sabis. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Mama, ke ce mai jar hula?" in ji wata muryar budurwa.

Maleta ta dafe hularta. "Ke wace ce? A ina kika gan ni?"

"Dubi kan sandar nan, akwai ɗan gilashi. Sunana Nerida. Tun da kuka iso nake kallonku, ina ta yi wa kwamfuta ihu kamar mahaukaciya."

Daga Hobart take magana, can ƙarshen kudu inda ake sa rigar sanyi. Ta ce gishiri ya kashe lasifikar jirgin, shi ya sa ba ta da bakin amsawa. Da ta ga sun ɗaura anga sun tafi ta ɗauka gida suka nufa, sai da ta hango su suna zagaye da mutum tsaye a goshi ta gane abin da suke nema, ta rasa inda za ta sa kanta. Aikin jirgin auna ciyawar ƙasan teku ne, wadda ayu da kunkuru suke ci. An liƙa sanarwa a ƙofar ofishin tsibiri, Maleta ce tun da ta fara fita teku ba ta bi ta wurin ba.

Dinto ya kunna injin iska ya sauka da wuƙa, Maleta kuwa ta sami abin da take so. Ido a kumfa, waya a kunne, ta tambayi wa ke tuƙi in Nerida ta tafi cin abinci, aka ce karɓa-karɓa suke yi. Ta tambayi yadda yake kauce wa manyan jirage, aka ce kawunan kibiyar da take gani su ma su suke gani. Ta ce to nata kwalekwalen fa, wane suna yake nunawa a can? Nerida ta ce ba ya nunawa, na'urar su Maleta ji kawai take yi ba ta magana. Wannan ya tsaya wa Maleta a rai. Duk watannin nan tana gaishe da manyan jirage da sunansu a zuci, ashe su ba su san tana wurin ba.

Tarun ya ci lokaci. Da ya saki, suka jawo shi cikin kwalekwale don kada ya kama wani, yana wari, da ƙasusuwan kifi da ɓawon wani ɗan kunkuru a ciki. Suka cire angarsu. Jirgin ya miƙe, ya yi ɗan jim, ya juya hancinsa ya kama hanya ba sallama. Maleta ta bi shi a allo har ya isa inda layinsa ya karye, ya ɗora daga nan.

A bakin rairayi suka tarar da rabin Kiriri, Saimo a gaba.

"Matar Yaya, ina baƙon namu?" ya ce. "Mun ɗora masa ruwan shayi, an ce ya sha wuya."

"Yana gaishe ka," ta ce tana miƙa masa bakin tarun. "Kwalekwalen yayanka ma ya yi shekaru yana yawo ba kowa a ciki, ba wanda ya tara jama'a. Kama nan."

An yi makonni ana ba da labarin, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Ita dai abin da ta fara yi shi ne kiran Timena, ta ce a nemo mata na'urar da ke magana. Da aka ɗaura aka tambaye ta sunan da za a sa wa kwalekwalen, ta ce a sa na mahaifiyarta, Petharie.

Da aikin awon ya ƙare Nerida ta zo Waiben da abokan aikinta don su ɗauke jirginsu. 'Yar ƙarama ce, rana ta ƙone mata hanci tun a filin jirgin sama. A wani garin makiyaya ta tashi, nesa da teku, ta ce ta fi shekara tana tuƙa jirage amma ba ta taɓa shiga kwalekwale irin wannan ba. Maleta ta ɗauke ta. Iskar kudu maso gabas ta riga ta taso, kafin su fita mashigi yarinya ta yi kore ta rungumi gefen jirgi. Maleta ta fasa mata ɗanyar kwakwa, ta ce ta daina kallon allo ta kalli tsibiri. Da cikinta ya lafa ta kai ta wani fili da ruwa ya janye, ta nuna mata hanyoyin da ayu ya bari cikin ciyawa inda ya yi kiwo. Nerida ta sauka ta durƙusa ta shafa ciyawar da hannu, ta ce a wurinta da launi ce kawai a kwamfuta. A hanyar dawowa ita ma ta biya, ta nuna wa Maleta inda ake kunna kibiyoyin da ke nuna ƙarfin jan ruwa, da ƙararrawar da ke kuka in babban jirgi zai matso. Da yamma aka ci sop-sop na doya da kabewa da madarar kwakwa, Nerida ta yi ƙari har Saimo ya ce ashe a kudu ba a ba su abinci.

Kafin su tafi shugabansu ya ce baɗi za su dawo, suna kuma son wani na nan da zai riƙa leƙa jirgin yana wanke farantan, amma sai mai lasin tuƙi. Maleta ta tambayi inda ake samunsa. Ta zauna aji a Waiben da sa'o'in jikokinta, malamin ya roƙe ta ta riƙa barin tambaya sai ƙarshen darasi. Karon farko ta faɗi jarrabawa a kan fitilun jirage, wane launi ke nufin me. Ta yanka takardu ja da kore da fari ta liƙa a bangon kicin, Dinto yana yi mata tambaya yana ɓare albasa. Karo na biyu ta ci.

A wannan shekarar kunnen Dinto ya fara ciwo in ya yi zurfi, ya rage nutso, daga baya ya bari. Ya koma bin matarsa da bokiti da burushi, bai kuma nuna abin ya dame shi ba.

Da sanyi ya shiga kudu Nerida ta gayyace ta Hobart. Ta tafi tare da Timena, cikin rigunan aro, tana tambayar ma'aikaciyar jirgin sama abin da ya sa kunne ke toshewa. Ɗakin da ake tuƙa jiragen ya ɗan sare mata gwiwa, don ta zaci wani abu ne kamar cikin jirgin yaƙi, ta tarar tebura ne da kujeru da butar shayi da wata shuka mai neman mutuwa a taga. Nerida ta ja mata kujera ta buɗe kyamarar jirgin binciken. Sai ga ruwan gida, shuɗi mai haske, ga Petharie a ɗaure a gefe, Dinto ya sunkuya yana goge farantai, Saimo ya miƙe a mazauninta yana cin biskit, ƙafafunsa a kan allo.

Ta ciro waya ta kira shi, tana kallonsa yana lalube a aljihu.

"Saimo, sauke ƙafarka daga kan allona."

Ya zabura har biskit ya faɗa ruwa, ya dubi sama, ya dubi bayansa. Dinto bai ɗago ba, ya nuna masa kan sandar da burushi ya ci gaba da aikinsa.

Ta dawo da mura da jakar tuffa, ta ce garin yana da kyau amma ba na zama ba ne. Jirgin ruwan ɗorawa ya gama da mashiginmu an kai shi wani tekun. Yanzu masu gadin teku na tsibiri take ɗauka in za su kwashe tsofaffin taruna, ran Asabar kuma akwai mata uku da take koya wa tuƙi a ruwa marar zurfi. Ɗaya daga cikinsu ta riga ta daki gadar sauka.